Shekarar da Na Rina wa Babanku Gashi

Tun kuna ƙanana kuka tashi da labari guda a kan idon babanku na hagu, kuma ni ce na bar ku da shi. An ce muku gwaggonku Rabi ce ta ɗinka masa hula ta sa wani abu a ciki. Babu wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku haka. A bakin ƙofa kuka tsinta, da gidan biki, da wajen ɗiban ruwa, ni kuwa duk ranar da ɗayanku ya shigo da maganar sai in ce a bar tone-tone. Yanzu na tsufa, gwiwa ta ƙi, numfashi ya fara yi mini gardama, kuma duk waɗanda suka san abin da ya faru sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka zan rubuta shi yadda yake. Ba hula ba ce. Rinin gashi ne, ni na shafa masa da hannuna, ni kuma na ƙi ɗauraye shi yadda ya kamata.

A shekarar nan muna zaune a gidan gado na Madabo, tun kafin a raba shi. Ku ƙanana ba ku san shi yadda yake a da ba. Tsakar gida ɗaya ce, ɗakuna a kewaye, bayi ɗaya a can ƙurya, kuma duk ruwan da aka zubar a bayin nan sai ya bi ta rariya ya ratsa tsakar gida, ya wuce ta ƙofar ɗakin Inna, kakarku, kafin ya fita kwatar lungu. Inna ba ta yi boko ba, amma rariya kam tana karanta ta. Daga kan tabarmarta za ta gaya miki wa ya yi wanka da sabulun salo, wa ya wanke kayan jego, wa ke ɓarnar ruwan da 'yan garuwa suka sha wahalar turowa. Ban taɓa zama da mutum mai ido irin nata ba, kuma ina tsoronta fiye da yadda nake tsoron uwar da ta haife ni.

Yaya Rabi ita ce babbar yayar babanku. Mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta guda, Ma'u, tana ɗinkin hula tana riƙe kansu. Hannunta na da kyau ƙwarai, har daga Ƙofar Wambai dillalai ke zuwa karɓar aikinta, amma bakinta ya fi allurarta tsini. Ba zan yi muku ƙarya in ce mun shaƙu ba. Ta sha cewa miyata kamar an ɗauraye tukunya ne aka barbaɗa gishiri, ni ma ban taɓa rasa abin mayar mata ba. Sai dai duk haihuwar da na yi a gidan, ita ke fara karɓar jaririn, ita ke dafa mini ruwan wanka har in yi arba'in. Ana saura kamar mako biyu abin ya faru, suka yi cacar baki da babanku a kan ƙofa. Tana so ta fasa ƙofa daga ɗakinta zuwa lungu don masu kawo aiki su daina ratsa gida, shi kuma ya ce muddin yana numfashi ba za a huda katangar mahaifinsu ba. Murya ta tashi har maƙwabta suka leƙo. Za ta shiga ɗaki ta juyo ta ce:

"To shi ke nan, Haruna. Za ka gani."

Abin da take nufi, za ta kai maganar gaban kawunsu. A ranar kowa ya gane haka. Daga baya ne kowa ya manta.

Babanku a lokacin direba ne a wani kamfani a Bompai, ya fi shekara ashirin yana jan motar kaya. Sai aka canza shugabanni, aka fara raɗe-raɗin za a sallami tsofaffi a ɗebi matasa. Aka ce kowane direba ya zo ranar Litinin a ɗauki hotonsa ba hula, likita ya duba shi. Shi kuwa furfura gado ce a gidansu, tun bai kai arba'in ba ta cika masa kai, in ya cire hula sai ka ce kakan wani ne. Ku shida ne a lokacin, ga cikin Auta ya tsufa. Kwana uku yana juya tuwo a kwano ba ya ci. Ranar Asabar ya shigo da wani ɗan kwali a aljihu, ya tura ƙofa, ya ajiye a gabana. Dayis ne, irin baƙin nan da ake ƙunshi da shi, amma na gashi. Har Sabon Gari ya je ya sayo don kada ya haɗu da idon sani.

"Saude, ke za ki sa mini," in ji shi. "Kuma daga ni sai ke sai Allah."

Na ce, "Malam, kai da ka tsaya a masallaci ka ce..."

"Na san abin da na ce."

Dole in bayyana muku wannan, in ba haka ba ba za ku gane tsoronsa ba. Babanku ne ke jan salla a masallacin lungu in liman ba ya nan, kuma bai fi wata biyu ba da ya yi wa wani dattijo nasiha a gaban jama'a a kan baƙanta gemu. Ya ce jan lalle aka sani, baƙi kuwa yaudara ce. Dattijon kuwa irin mutanen nan ne da ba sa mantuwa. In aka ji Malam Haruna ya rina kai baƙi don ya rufe idon masu kamfani, ba shi da sauran bakin magana a unguwa. Gemunsa dama ɗan kaɗan ne, furfurar ba ta sauko can sosai ba. Kai kuwa kullum yana cikin hula, ko a tsakar gida, don haka muka ga abin zai ɓoyu.

Ranar Lahadi da yamma Yaya Rabi ta aiko Ma'u da sabuwar hula, ruwan toka da farin zare, wadda ta kwashe kwanaki tana ɗinkawa. Ita ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, da allura take yi. Babanku ya juya ta a hannu ya yi murmushi, ya ce da ita zai je gobe.

Litinin da ya dawo daga sallar asuba, gari ya yi haske, muka rufe ɗaki. Shi ya karanta takardar cikin kwalin ya fassara mini. A kwaɓa, a shafa, a jira ɗan lokaci, sannan a yi ta ɗauraya da ruwa mai yawa har sai ruwan da ke sauka ya fito fes, babu sauran baƙi. Sau biyu ya maimaita mini wannan, ba zan ce ban ji ba. Na riga na tanadi bokiti biyu a bayi. Na ɗaura leda a hannu, na shafa masa da tsohon buroshin haƙori, muka zauna muna jira. Har yana tsokanata wai in ya dawo saurayi sai in yi hattara da 'yan matan Bompai. Na ce su ɗauka, har da tuwon da ba ya ci.

Da lokaci ya yi na ɗaga labule na leƙa. Inna ta riga ta shimfiɗa tabarma a ƙofarta, carbi a hannu, ƙafarta dab da rariya. Yaya Rabi na tsugune a gefe tana wanke-wanke. Bokiti biyu na baƙin ruwa ta gabansu zai bi, a gidan da ba biki ake yi ba, ba kuma wadda ta yi ƙunshi. Na koma na gaya masa. Ya duba agogo ya ce mu ɗan jira. Muka jira, rinin yana ta zama a kai, su kuwa hira ma suka buɗe. Daga nan na yanke shawarar da har yau ban gama nadamarta ba. Na ɗauko butar alwala, na sa roba a ƙasa, na ce ya sunkuya. Buta ɗaya na zuba. Ruwan farko ya sauka baƙi ƙirin, na ƙarshe ma baƙi ne. Na goge sauran da tsohon zani, na tura robar ƙarƙashin gado.

"Ya fita?" ya tambaye ni, kansa a sunkuye.

Na dubi kan, na dubi zanin. Na ce, "Ya fita."

Bai fita ba, kuma na sani. Ina iya fita in ciko butar sau uku, sau huɗu, sau goma ma, randa a cike take. Abin da ya hana ni shi ne kada Inna ta tambaye ni alwalar wa ake yi haka. Kunya ce kawai, babu wani dalili bayan ita, na sha nema a raina ban samu ba. Ya ɗora hular Yaya Rabi, ya gaishe su a tsakar gida, ya fita. Ina ji Yaya Rabi tana ce masa hular ta zauna.

Bazara ce, zafin Kano na gaske. Sun tsaya layi a rana tun hantsi har bayan azahar. Gumi ya jiƙa kan, ya riƙa gangarowa da rinin ta goshi yana shiga ido, shi kuma yana gogewa da hankici yana ƙara cusa shi. Hoto dai an ɗauka, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya dawo da la'asar yana murna, sai dai yana cewa kansa kamar an barbaɗa barkono. Na ce ya shiga bayi ya wanke sosai, ko me za a gani a gani. Ya ce a bari tsakar gida ta yi shiru tukuna. Gajiya ta kwashe shi, ya kwana da abin a kansa. Da safe ban gane mijina ba. Fuska ta kumbura, idanu sun rufe, fatar kai ta yi ƙuraje tana ruwa. Ina tsammanin zai ce a kai shi asibiti, sai na ji ya ce:

"Aske gashin kafin kowa ya shigo."

Na aske da reza. Na tattara gashin da kwalin da ruwan robar nan na zuba a masai, sannan na kira Inna.

Da ta ga fatar kai baƙi dabbare-dabbare ga ƙuraje, ta yi salati ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Aka kira wani mai magani daga bayan gari. Ya tambayi abin da Malam ya sa a kansa na ƙarshe. Aka ɗauko hular daga kan ƙusa aka juya cikinta, sai ga baƙi ya kewaye ta har ya ci zaren. Mutumin ya girgiza kai ya ce jifa ce, kuma hannun na cikin gida. Bai ambaci suna ba, ba ya buƙata. Ɗakin cike yake da matan maƙwabta, a cikinsu akwai waɗanda suka ji faɗan ƙofa da kunnensu. Babu wadda ta kawo rini a ranta, Malam Haruna ne fa. Ina tsaye a bakin gado, maganar na kan harshena, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Babanku idanunsa a rufe suke, amma ya lalubo bakin zanina ya riƙe gam. Na haɗiye maganar.

Kwana biyar ana hayaƙi da shafe-shafe, ana ɗiga masa wani ruwa a ido safe da yamma, kafin abokan aikinsa su zo su ɗauke shi zuwa asibiti ba da son Inna ba. Likita ya tambaye ni ko ya shafa wani abu a kai. Na ce a'a. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya rubuta abin da zai rubuta. Kumburi ya sauka, idon dama ya buɗe, na hagu ya tafi. Direba mai ido ɗaya babu wanda ya damu da furfurarsa. Kafin Auta ya yi wata biyu a duniya aka sallame shi daga aikin da muka yi duk wannan dominsa.

Babu wanda ya tsare Yaya Rabi ya ce ke ce. Da an yi haka da ta sami bakin rantsuwa. Abin da aka yi mata ya fi wannan muni. Inna ta daina cin abincin da ta dafa, a kai mata kwano ya dawo a rufe yadda ya je. Dillalai suka ɗauke ƙafa, don wa zai sa hular da ta fito daga hannun nan. Matan lungu suna janye 'ya'yansu in ta wuce, ƙawayen Ma'u suka daina biyo mata makaranta. Ni ma, Allah ya yafe mini, na hana ku shiga ɗakinta, domin in ban hana ba za a tambaye ni dalili. Abin da ya ba kowa mamaki, matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta kare kanta ba. Mutane suka ce ai shirun nan ma shaida ce. Bayan sallar layya ta ɗaure kayanta, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinmu.

"Haruna, zan tafi. Kana da abin da za ka ce mini?"

Yana zaune da auduga a ido. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Ta juyo gare ni. "Ke fa, Saude?"

Na ce, "A sauka lafiya."

Ta kama hayar ɗaki ɗaya a Ƙofar Nassarawa, ta koma wankau da surfe. Inna ta rasu bayan shekara uku ba ta sake sa abincin 'yarta a baki ba.

Babanku ya buɗe tireda a zaure, da ita aka yi muku karatu. Sau da yawa na ce masa mu faɗa, yakan ce sai bayan azumi, sai bayan bikin wance, sai hankali ya kwanta. Kada ku ɗora masa duka. Ni ma duk lokacin da ya ce a bari, sanyi nake ji a raina. Kun san shi mutumin kirki, kuma haka yake, amma abin ya ci shi. Bai sake jan salla ba har ya rasu, mutane suna cewa saboda ido ne. Ni kuma abin da ya bar mini shi ne wannan halin da kuke yi mini dariya a kai, in jikokina suka yi rinin gashi in tsaya a kansu da bokiti ina cewa a ƙara, a ƙara, har su ce Hajiya ta cika fitina. Ba na iya barin wurin sai na ga ruwan ya sauka fari da idona.

Bayan na fita takabar babanku da 'yan watanni na ji Yaya Rabi na kwance. Na je ni kaɗai da hantsi, ban gaya wa kowa ba. Ma'u ta gaishe ni a tsaye ta fice. Ɗakin ƙarami ne, katifa a ƙasa, Yaya ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga kwalin har zuwa butar, ina kuka kamar yarinya. Ba ta katse ni ba sai da na gama.

"Saude," ta ce, "ni da nake yi wa amare ƙunshi tun kina goye, ni ce ban san warin dayis ba? Tun da aka juya hular nan na sani."

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce, "To Yaya, me ya hana ki faɗa?"

"Ƙanena ne, ni na goya shi. In na faɗa na tsira, shi kuma ya kwanta ba ido ba mutunci. Na ce bari in jira ya warke ku faɗa da bakinku. Ranar da na tsaya a ƙofarku ma ba sallama na zo yi ba."

Na roƙe ta gafara. Ta ce nata ta yafe tuntuni, ba don mun cancanta ba, don ta gaji da ɗaukarsa ne. Sannan ta ce na Ma'u kuwa ba nata ba ne balle ta yafe. Yarinyar ta tashi ana nuna ta da baki ana cewa 'yar mai jifa ce, wanda ya fara neman aurenta ma iyayensa suka yi bincike a Madabo suka janye.

"Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba," in ji ta. "Ki tara 'ya'yanki a gabanta, ki faɗa."

Na ce zan yi. Ta rasu bayan kwana tara. A cikinku babu wanda ya je jana'izarta sai babban yayanku, shi ma a sahun baya ya tsaya, ya dawo bai shiga gaisuwa ba. Ina kallonku ban ce ku je ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ban tara ku ba. Na ce kada in ɓata muku sunan uba, na ce sai Auta ya yi aure, na ce sai na dawo daga aikin hajji da zuciya mai ƙarfi. Duk ƙarya ce, tsoron idonku nake yi. Ma'u na nan a Ƙofar Nassarawa, ta yi jikoki, ba ta san ko ɗaya a cikin abin da kuka karanta ba. Na aika mata cewa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za mu zo, dukanmu, har matanku da mazanku. Da bakina zan faɗa. Na rubuta ne don in murya ta ƙi, ɗayanku ya karɓa ya ƙarasa, kada mu sake tashi ba a faɗa ba. In ta ce ta yafe, alheri ne daga gare ta. In kuma ta miƙe ta bar mu a zaune, kada wanda ya bi ta da ban haƙuri. Uwarta ta jira mu shekara goma sha biyar, ba mu da bakin ce wa 'yar ta yi sauri.